Labulen da Hajiya Ta Hana a Saki

Litinin, 3 ga Mayu 1999, bayan la'asar

An dawo mana da mijina, Malam, ranar Alhamis. Na ce an dawo da shi don ba da ƙafarsa ya zo ba, wata mota ce ta sauke shi a bakin titi, mai shayin unguwa ya gane shi da ƙyar, ya riƙo hannunsa har soro. Shekara uku da wani abu. Ba zan rubuta yadda aka tafi da shi ba, na gaji da faɗa.

Tun ranar gidan nan bai huta ba. Kaf unguwarmu Soron Ɗinki babu wanda bai zo barka ba, har waɗanda suka daina gaishe ni lokacin da abin ya faru. Kowa ya shigo sai ya leƙa ɗakin ya gan shi da idonsa, barka da arziki Malam Hashim, sannu Malam Hashim, wasu matan har da kuka. Abin da yake cin raina shi ne, da zarar ya ji takun mutum ya nufo ƙofa, kafin a ƙaraso ya miƙe, ya juya ya fuskanci bango, hannuwa a baya. Wata tsohuwa ta ce kai, wannan bawan Allah da ladabi yake. Na haɗiye abin da ya zo bakina na kai mata ruwa.

Hajiya Dije, mahaifiyarsa, ba ta shiga ɗakin ba ko sau ɗaya. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, "yaron nan" take cewa, mutum mai furfura a gemu. Amma ta janyo tabarmarta tsakar gida daidai inda take hango ƙofar ɗakinmu, ta ce kada wanda ya saki labulen.

Ba ni da wanda zan gaya wa komai, shi ya sa na ɗauko wannan littafin.

Talata, 4 ga Mayu, da safe

Bai ci ba.

Laraba, 5 ga Mayu, ƙarfe biyu, a ofis

Na koma aiki. Shugaban sashe ya ce in ƙara hutu, na ce a'a, 'yan aji uku jarrabawa ta matso kuma ba mu ko taɓa ƙa'idar rashin tabbas ba. Gaskiyar magana ita ce a jami'a ne kaɗai nake samun numfashi.

Na ce musu su ɗauki ilaktron, wannan ɗan ƙanƙanin abin da yake cikin komai. Abu biyu kake so ka sani game da shi: inda yake, da ƙarfin tafiyar da yake yi. To ba za ka taɓa samun biyun nan cif a lokaci guda ba. Ka matsa ka san inda yake sosai, tafiyarsa ta watse maka. Ka san tafiyarsa sosai, wurin ya watse. Wata ɗaliba ta ce ai laifin na'urorinmu ne, Turawa za su ƙero mai kyau. Na ce ko kusa, duk shekara sai an ce mini haka. Ba na'ura ba ce ta gaza, shi abin ne ba ya zama a hali ɗaya da yake da amsoshin biyu tsaf.

Sai Tajuddeen, wanda ba ya barin lakca ta ƙare lafiya, ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, to Allah fa? Shi ma bai san biyun ba?"

Na ce Allah ya san abin da ya halitta fiye da yadda zan iya faɗa, ni abin da ni da kai za mu iya aunawa nake koyarwa, ka rubuta. Ya rubuta, amma fuskarsa ba ta gamsu ba.

Juma'a, 7 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Isyaku, ƙaninsa, ya goge masa farar shadda. Malam ya sa, ya kai har soro, ya ga jama'ar da suka tsaya jiransa don su rako shi. Ya dawo da baya da baya. Har yanzu shaddar tana jikinsa, yana zaune a ƙasa a lungun gado.

Hajiya ta aika unguwar Koki a kira Kawu Ilu, ƙaninta. Tunda mahaifin Malam ya rasu shi ne mai magana a gidan nan, ko da yake ba gidansa ba ne. Sun yanke shawara ba tare da ni ba: mai jinya ba a barinsa shi kaɗai. Kawu zai zauna da shi da safe, Isyaku daga azahar, ni daga la'asar zuwa wayewar gari. A bar fitila a kunne. Labule a ɗage. Na ce to.

Me zan ce in ba to ba? Haka ake yi. Haka aka yi wa babana lokacin ciwonsa, kuma har ya rasu yana sa mana albarka.

Lahadi, 9 ga Mayu, da hantsi

Bai ci ba. Ya tambaye ni izini zai zaga bayan gida. Ni, matarsa. Na ce Malam gidanka ne fa. Ya tsaya yana jira har sai da na ce je ka.

Talata, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Wani abu ya faru jiya. Na kai masa tuwo miyar kuka, irin wadda yake so da man shanu, na zauna gabansa ina lallashi kamar kullum. Ko kallon kwanon bai yi ba. Sai aka yi ihu ruwan famfo ya zo, kowa ya zabura da bokiti, har Hajiya ta tashi daga tabarmarta, ni ma na fita don randarmu ta kusa ƙafewa. Da na dawo rabin tuwon babu. Ya mayar da murfin daidai yadda yake, ya koma lungunsa.

Yau na so in tabbatar. Na ajiye masa dambu, na ce zan je kicin, na zagaya ta baya na leƙa ta taga a hankali, ko numfashi ba na yi. Ya kai hannu, ya ɗebo, ya kusa kai wa baki. Ban san me ya ji ba, ko inuwata ce ta faɗa bango. Ya mayar da lomar cikin kwano, ya miƙe, ya fuskanci bango.

Na ji kunya ta kama ni daga kai har ƙafa. Na zauna a bayan ɗakin na yi kukan da ban yi ba tun Alhamis ɗin can.

Alhamis, 13 ga Mayu, ƙarfe ɗaya, a ofis

Zafi kamar zai kashe mutum, babu wuta, layin mai ya kai ƙarshen titi. A bas kowa zancen miƙa mulki yake yi, ashirin da tara ga wata sojoji za su koma bariki. Wani dattijo ya ce sai ya gani da idonsa. Kwandasta ya ce Baba ko ka gani ma kada ka yarda.

Yau mun yi abubuwan da ake iya aunawa, da yadda wasu ba sa jituwa da juna. Na nuna musu a allo cewa idan ka auna na ɗaya sannan na biyu, sakamakon daban yake da idan ka fara da na biyu. Wanda ka fara tambaya yana canza amsar wanda ya biyo baya, don awon farko ya riga ya taɓa abin. Sun kwafa, ban ga alamar ya shiga ba.

Ni ce ya kamata in kwafa. Da asuba Malam ya kalle ni, karon farko ido cikin ido, ya ce Sa'adiyya kin rame. Maimakon in ce masa kai ma, ko in tambaye shi zai sha koko, sai bakina ya kufce na ce, ina suka ajiye ka duk tsawon nan? Kamar na hure fitila. Idon ya koma inda ya fito. Da na kawo kokon daga baya, ko motsi bai yi ba.

Juma'a, 14 ga Mayu

Bai yi magana ba.

Asabar, 15 ga Mayu, da yamma

Bai yi magana ba. Kawu ya kawo rubutu, ya sha don an tsaya a kansa. Duk abin da aka tsaya a kansa aka ce ya yi, yana yi. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Litinin, 17 ga Mayu, bayan magariba

Na dawo daga aiki na tarar da gida a hargitse. Isyaku ya yi gyangyaɗi bayan azahar, Hajiya ta shiga salla, Malam ya fita. Babu wanda ya ga fitarsa. Kafin la'asar an tashi unguwa, samari sun bazu lungu-lungu, wani har ya tafi gidan rediyo zai ba da cigiya. Hajiya na zaune ta kafe ƙofar soro da ido, leɓenta na motsi. Duk abin da na ji ranar da aka tafi da shi a farar mota ya dawo mini sabo.

A Ƙofar Wambai aka same shi, kusa da inda shagonsa na ɗab'i yake a da, wanda yanzu wani yake sayar da robobi a ciki. Kawu ya riƙo shi a wuyan hannu tun daga can har gida, yara na biye da su. Da suka shigo soro na ga yadda yake tafiya, kai a ƙasa, ƙafa na ja. Kawu yana haki yana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Yanzu an sa kwaɗo a ƙofar sashenmu. Mabuɗin yana hannun mai zaman lokacin.

Talata, 18 ga Mayu, da safe

Isyaku ya tare ni a soro zan fita aiki. Ya waiga ya waiga sannan ya ce akwai abin da bai gaya wa Kawu ba. Shi ne ya fara hango Yaya a kasuwa. Ya ce yana zaune a kan benci wajen wani mai gyaran rediyo wanda bai san shi ba, yana riƙe masa waya, yana shan mangwaro har ruwan na bin gwiwar hannunsa. Mai gyaran ya faɗi wani abu, Yaya ya yi dariya.

Na ce dariya? Ya ce wallahi Anti, har da haƙora. Sai da ya kira sunansa ne ya saki mangwaron ya miƙe ya juya baya.

Na hau bas ina maimaita maganar nan har na wuce inda zan sauka.

Alhamis, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Mun yi faɗa da Kawu. Ya zo da magana a gama: ya ga wani likita a asibitin masu taɓin hankali, an ce a kawo shi a kwantar. Akwai ɗaki mai ƙarfe a taga, akwai masu gadi dare da rana, ba zai ƙara ɓata ba. Ya ce a bari hayaniyar miƙa mulki ta wuce, ranar Litinin ta bayanta mota za ta zo.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce Kawu, mutumin da ya fito daga ɗaki mai ƙarfe za ku mayar ɗaki mai ƙarfe? Ya ce wancan na azaba ne, wannan na magani. Na ce shi ta ina zai gane bambancin? Ya ce ke da bokonki ba a iya miki, mu da muka haife shi ba mu fi ki son sa ba ne? Na ce ban ce ba kwa son sa ba, son ne ma yake neman ya kashe shi. Nan fa ya ɗauki hularsa. Ya ce da Hajiya ta ji abin da surukarta ta gaya masa a gidan mijinta marigayi.

Na san na yi rashin kunya. Zan je Koki in ba shi haƙuri, amma ba yau ba. Kawu ba mugu ba ne, shi ya bi ofis-ofis shekara uku yana tambayar inda aka kai Malam har aka taɓa tsare shi yini guda. Sanin hakan bai rage mini haushi ba.

Litinin ɗin nan, talatin da ɗaya ga wata ce.

Asabar, 22 ga Mayu

Hadari ya haɗu ya watse. Bai ci ba.

Litinin, 24 ga Mayu, ƙarfe uku, a ofis

Lakcar ƙarshe kafin jarrabawa. Saura lokaci, sai na ba su wani abu da ba ya cikin manhaja. Na ce ku ɗauki ƙwayar zarra da take shirin sauyawa daga wani hali zuwa wani. Idan ka ƙyale ta, a hankali za ta sauya. Amma idan ka dinga auna ta a kai a kai, kana duba ta sauya ko ba ta sauya ba, kowane awo yana mayar da ita farkon tafiya. In ka matsa da dubawa ba ƙaƙƙautawa, sai ta tsaya cak inda take. An gwada, haka ne.

Ina cikin rubuta lissafin allin ya tsaya a hannuna. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallon allo ba, sai da Tajuddeen ya ce Malama lafiya? Na ce lafiya, ku tafi.

Haushin kaina nake ji. Mutum ba ilaktron ba ne, ni da kaina nake kayar da ɗalibin da ya kawo mini irin wannan shirmen a jarrabawa. Lissafin nan bai san Malam ba, kuma babu abin da ya ce game da shi. Tuwon nan da mangwaron nan sun ishe ni hujja tun tuni, ban tsaya na saurare su ba ne, sai da na ji abin ya fito daga bakina a gaban aji. Wai ni mai digiri biyu.

Laraba, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Ya yi magana. Na karɓi mabuɗi daga Isyaku, na shiga, ban kalle shi ba, na zauna na ba shi baya ina ninke kaya. Ban tambaye shi komai ba. Can sai na ji muryarsa a bayana, ƙasa-ƙasa.

"A can ma ba sa kashe fitila."

Na ci gaba da ninki.

"Akwai rami a ƙofar. Ba ka sanin lokacin da ido yake ciki." Sannan ya ce, "Na san ku ne, Sa'adiyya. Kaina ya sani. Jikina ne bai sani ba."

Ban juyo ba. Allah ne kaɗai ya san yadda na yi ban juyo ba. Na ninke zani ɗaya ya fi sau biyar.

Alhamis, 27 ga Mayu, da hantsi

Ban je aiki ba. Na jira Kawu ya shiga wajen Malam, na je na durƙusa gefen tabarmar Hajiya tana tsinkar zogale. Na taya ta, sannan na gaya mata komai, tuwon, tagar, mangwaron, fitilar, ramin ƙofar. Na ce Hajiya a saki labulen nan, a cire kwaɗon, a bar shi ya fita in yana so. Kada a bi shi.

Ita ba mai yawan magana ba ce, shekara goma muna gida ɗaya ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Da ta buɗe baki, ba ni take kallo ba, ƙofar take kallo.

"Shekara uku ban san inda yaron nan yake ba. Ban san ko in yi masa addu'ar masu rai ko ta matattu ba. Yanzu na buɗe ido na gan shi. Ke kuma ki ce in koma rashin sani da hannuna?"

Na ce Hajiya kina ganin inda yake, amma wanda kike gani ba ya ci, ba ya magana. Wanda ya yi dariya, babu ɗayanmu da yake wajen.

Ta ce in ya fita bai dawo ba fa? Na ce ban sani ba. Ta ce ke da kike koyar da mutane a jami'a? Na ce wallahi Hajiya ban sani ba, kuma babu yadda za a yi in sani tun kafin a bar shi.

Ta tattara zogalenta ta shiga ɗaki. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Juma'a, 28 ga Mayu, da yamma

Na je Koki na ba Kawu haƙuri. Ya ce ya yafe. Ya ce motar tana nan ranar Litinin da hantsi.

Asabar, 29 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya



Isyaku ya aro janareto, ya fito da talabijin ɗakin soro na gefe don a ga rantsar da sabon shugaban ƙasa. Mazan unguwa sun cika ɗakin, Kawu a gaba, matan gida sun tafi maƙwabta su ma su gani. Tunda ba aiki yau, Kawu ya ba ni mabuɗi ya ce in riƙe masa zaman safe. Ana jin badujala daga talabijin har tsakar gida.

Na buɗe kwaɗon na cire shi gaba ɗaya. Na ajiye masa takalmansa a bakin ƙofa da hularsa a kai. Na ce Malam ƙofa a buɗe take, ni zan shiga kicin, kuma ba zan leƙo ba. Na shiga. Amma daga kicin ana ganin tsakar gida, kuma sai a lokacin na tuna Hajiya ba ta bi matan ba. Tana kan tabarmarta, a daidai hanyar da dole ya bi.

Na ji ƙarar takalmi. Ya fito, ya yi taku kaɗan, ya gan ta, ya tsaya. Na ga kafaɗunsa sun fara juyawa, hannuwan sun fara komawa baya. Na ce shi ke nan.

Sai Hajiya ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango, kamar yadda take yi tun yana saurayi idan ya ratso tsakar gida, kunyar ɗan fari. Wata guda ke nan rabonta da yin haka. Ta zauna a haka ba ta motsa ba, ina ganin bayanta yana rawa.

Ni ma na juya na kalli murhu. Na ji takun ya wuce ta, ya shiga soro, ya wuce hayaniyar masu kallo. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai tafi daga talabijin.

Ƙarfe ɗaya

Kawu ya gane. Ya shigo yana faɗa, ya ce Isyaku ya tara samari. Hajiya ta ce daga inda take, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ilu, babu mai fita nemansa." Ya ce Yaya kin san abin da kike faɗa? Ta ce ni na haife shi. Ya zauna a kan turmi ya riƙe kai.

Ƙarfe uku

Ban san inda yake ba.

Bayan la'asar

Ban san inda yake ba. Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Bai ɗauki komai ba, ko laima. In wani abu ya same shi ni ce. Ni ce na cire kwaɗon. Na ɗora tukunya na sauke, na sake ɗorawa. Kawu bai ce mini uffan ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Hajiya na nan a tabarmarta har yanzu fuskarta a bango, ta ƙi shiga ɗaki duk da iskar.

Ya Allah.

Bayan magariba

Ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi. Ana cikin kiran salla muka ji sallama a soro. Muryarsa ce. Tun da aka dawo da shi bai taɓa yin sallama ba, don bai taɓa shigowa da kansa ba.

Duk muka daskare. Hajiya ce ta amsa, fuskarta a bango.

Ya wuce ta tsakar gida sharkaf da ruwa, ya shiga ɗaki. Kawu ya yunƙura zai bi shi, Hajiya ta riƙe masa gefen riga. Na kai tuwo na ajiye daga ciki ba tare da na ɗaga ido ba, na kashe fitilar, na fito na saki labulen.

Ban tambaye shi inda ya je ba. Tambayar tana nan a maƙogwarona kamar ƙaya, kuma a nan za ta zauna.

Lahadi, 30 ga Mayu, da safe

Kwanon babu komai. Da ya ji takuna ya miƙe tsaye kamar kullum, amma bai juya bango ba. Ban ce ya warke ba.

Litinin, 31 ga Mayu, da hantsi

Motar ta zo. Kawu ya shigo da wani ma'aikacin asibitin mai farar riga, ba da faɗa ba wannan karon, ya ce tunda an riga an yi magana da mutane, ko ganin sa su yi. Ma'aikacin ya gaishe da Hajiya, ya tambaya ina mara lafiyar yake.

Malam ya fita tun bayan asuba. Na ji buɗe ƙofarsa ina kan sallaya, ban ɗago ba.

Hajiya tana tsinkar zogale. Ta ɗaga kai ta dubi mutumin, ta dubi ƙaninta, ta ce, "Ya fita. Ba mu san inda yake ba."

Ya ce to yaushe zai dawo? Ta ce wannan ma ba mu sani ba, ta ce in kawo wa baƙo ruwa.

Sun tafi. Na makara, ɗalibai suna jirana da jarrabawa. Na rufe masa abincin rana na ajiye a ɗaki, na saki labulen.